Mai Kayan Barci Gida Zai Koma

Ranar Laraba

Zuwa ga uwar ɗakina, Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin? Tarin ya fara sassautawa kamar yadda likita ya ce, ko har yanzu yana hana ki sakat? Kina cin abincin kuwa, ko kina ture kwanon gefe yadda kika saba in ba ke kika dafa ba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Auta da yayarta suna gaishe ki.

Na san ƙanwarki ba ta iya riƙe magana daga ƙofar asibiti zuwa bakin gadonki, shi ya sa na roƙe ta ta ja bakinta ta yi shiru sai kin karanta wannan. E, gaskiya ne. Da kayan barci nake kai yara makaranta. Waɗannan dai masu ratsin shuɗi da fari da kika sayo mini bara, na rantse ba zan sa ba, na ce sai ka ce wanda ya gudo daga gidan yari. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina ratsa titi da su, da silifas ɗina, hankalina kwance.

Jiya shugabar makaranta ta raba takarda, ta kuma manna ɗaya a allon sanarwa na bakin ƙofa. Wai an lura wasu iyaye suna zuwa da kayan barci, wai hakan yana zubar da mutuncin makaranta. Ba a kama suna ba, amma duk wanda ya karanta sai ya waigo ya kalle ni. Abin da ya fi ba ni haushi matan nan ne masu taɓe baki. Wallahi rabinsu rigar barci ce a ƙarƙashin mayafin, ina ganin bakin leshinta yana jan ƙasa. Su sun rufe tasu, ni ban da abin rufewa, shi ke nan na zama abin nuni. Yayar Auta ma yanzu taku goma take ba mu a gaba, kamar ba ta taɓa ganinmu ba.

To ki saurara, don akwai abin da na ɓoye miki. Kin tuna ranar da aka riƙe ki a asibiti? Kin sa koriyar rigar nan mai aiki a wuya, kin fesa turare, kin kai Auta har ƙofar aji, kin ce mata ke za ki zo ɗaukarta, asibiti kawai za ki biya ki karɓo sakamako. Ni na je ɗaukarta, da garin katako a kaina. Tun daga washegari yarinyar nan ta ƙi makaranta. Da mun iso sai ta rungume ƙarfen ƙofa tana ihu har muryarta ta dushe, sai maigadi da malamar aji sun ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara ana haka. A shago ma har na lalata katako biyu masu kyau. Na riƙa ce miki tana lafiya, ki yafe mini.

Rana ta goma muka makara. Wanki ya taru ya kai rufi, shi ya sa ma na kwana da kayan barcin da kika sayo. Ga shayi ya kife, ga takalmi ƙafa ɗaya ya ɓace, na dai fizgi hannunsu muka fita a haka. Da muka isa ƙofa na dage ina jiran ihu. Sai ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta saki hannuna da kanta, ta shige abinta. Na tsaya baki buɗe kamar sakarai.

Da yamma ina wanke mata ƙafa na tambaye ta. Ta ce ai mai kayan barci ba ya zuwa ko'ina, gida zai koma. Ta faɗa ne kamar mai tuna mini abin da kowa ya sani, ta ci gaba da wasa da kumfa. Ni kuwa sai da na shiga banɗaki na rufe ƙofa.

Don haka su buga takarda dubu. Yarinyata tana shiga aji da ƙafarta, kuma ba zan cire kayan nan ba.

Ki gaishe da nas ɗin nan mai faɗa. Allah ya tashi kafaɗunki.

Naki har kullum,
Kafinta, kamar yadda kike kirana in na ɓata miki rai

Ranar Alhamis

Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, jiki kuma yana ƙara ƙwari. Ƙanwarki ta ce kin ɗan yi kumari, na ji daɗi ƙwarai. Yara lafiya, suna ta tambayarki.

Takardarki ta iso, na karanta faɗan tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Kina kwance ma ba ki fasa ba, alhamdu lillahi, alamar sauƙi ce. Kin ce ni magidanci ne, masu ba ni aiki suna ganina, in daina mai da kaina abin dariya. Kin ce yaro mantuwa gare shi, in gwada ko sau ɗaya. To na gwada, don kada ki ce taurin kai ne kawai.

Da farko dabara na yi, na ɗora doguwar riga a kan kayan barcin. Ba ta ci ba. Tun a bakin ƙofar gida ta ja ta tsaya, ta ce wannan rigar fita ce. Ranar Litinin kuwa na bi maganarki sak, na sa kayan aiki, na yi mata bayani tun muna shan shayi, na rantse mata ni zan zo ɗaukarta. Maman Auta, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta riƙe wandona har ƙofar aji, idonta a kan takalmina, sai na ga fitsari yana bin ƙafarta yana shiga safa. Yarinyar da ta daina wannan tun tana shekara biyu! Malamarta ta ce ranar a jikin taga ta yini, ko ledar abincinta ba ta buɗe ba. Da na je ɗaukarta ta ƙi yi mini magana har muka isa gida. Ranar Talata na mayar da kayan barcina, kuma ko ke ba za ki sake sa ni cire su ba. Ki yi haƙuri, amma na faɗa.

Jiya shugaba ta kira ni ofis. Na shiga da kayana masu ratsi na zauna a kujerar da ni na gyara mata ƙafa bara. Ta cika ta yi fam. Ta yi mini wa'azin tarbiyya da tsafta da abin koyi, ta ce mutumin da ba zai iya ɗaukar minti biyar ya sa riga ba, me zai koya wa 'ya'yansa? Ni da nake tashi tun duhu in haɗa ruwan wanka, in taje kai biyu, in goge yunifom, in dawo gida in canza kaya sannan in tafi shago a makare! A raina kawai na faɗi wannan. Ta tambaye ni ko akwai dalili. Na ce akwai, amma nawa ne.

Kin ce in gaya mata gaskiya in huta. Kin manta ke kika sa na yi miki alkawarin ba zan faɗa wa kowa ciwonki ba? Kuma ko ba alkawari, na san mutanen bakin ƙofar nan. Yau in na ce kina asibiti, gobe a tambayi wane ɗaki, jibi kowace uwa ta ja wa ɗanta kunne kada ya zauna kusa da Auta, kada ya sha ruwa a gorarta, alhali an gwada mu duka an ce ba mu da komai. Gara a ce ubanta malalaci ne, ko ma a ce ya taɓu. Ni fatata ta yi kauri, tata ba ta yi ba.

Ta ba ni zuwa Litinin. In na sake zuwa haka, za a mayar da ni da yarinyar daga ƙofa. Da na fito na zaro tef ɗin awo daga aljihu, na auna daga ƙofarta zuwa bakin kwalta, don in san inda ikonta ya ƙare. Maigadi ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya raɗa mini cewa shi umarni aka ba shi, in yafe masa. Ban ga laifinsa ba. Ban san yadda za a yi ranar Litinin ba, na dai san da abin da zan zo.

Wata magana. Na roƙi nas ɗinku, ta yarda. Ba za a bar yara su shigo ba, amma ranar Asabar ki tsaya a tagar ƙarshen baranda da ƙarfe huɗu, mu za mu tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke wurin ajiye motoci. Wata biyu ya yi yawa.

Ki huta lafiya, ki sha magani a kan lokaci.

Mijinki mai taurin kai,
Kafinta

Ranar Talata

Uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki, yaya gajiyar tsayuwar Asabar? Na ga kina dafa taga, kada ki ce ban gani ba. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Yara suna gaishe ki, yayar Auta ta sa miki zane a cikin ambulan.

Kin rubuto cewa kin ji kunya, mun same ki da tsohuwar rigar barci duk ta koɗe, kuma ranki ya ɓaci da kika ga Auta ta tsaya ƙiƙam ba ta ɗaga miki hannu ba. Ba fushi take yi ba, kallonki take yi. A mota muna dawowa ta tambaye ni ko kullum wannan rigar ce a jikinki. Na ce e, safe da rana. Ta sake tambaya ko an taɓa ganin kin sa ta fita. Na ce a'a. Sai ta gyara zama ta ce to ashe Mama ma gida za ta dawo. Ta kwantar da kai a cinyata, barci ya ɗauke ta tun kafin mu kai mahaɗa. Rabon da in ga ta yi barci irin wannan tun kina gida.

Jiya Litinin na fito da kayan barcin a wanke, har guga na yi musu. Shugaba da kanta ta tsaya a ƙofa, hannu a harɗe, iyaye sun yi cirko-cirko suna jiran kallo. Na taho da maganganu cike da baki, na kwana ina tsara su. Ko ɗaya ban samu na faɗa ba. Auta ta saki hannuna ta je gabanta, ta gaishe ta, ta ce mata kada ta damu, Baba gida zai koma, Mama ma kayan barci ne a jikinta a can inda take, ita ma ta kusa dawowa. Wata daga cikin matan ta matso tana tambayar can ina. Na juya na kalle ta, kallon da ya sa ta tuna tana da abin yi.

Shugaba ta daɗe tana dubana. Ba ta tambayi komai ba, kuma na ga alama ta gane fiye da abin da aka faɗa. Ta kama hannun Auta ta shigar da ita da kanta. Daga baya ta aiko maigadi, wai in na ga dama in riƙa bi ta ƙaramar ƙofar baya, inda ba idon mutane. Na ce ya gaya mata na gode, amma ta gaba kika bi da ita ranar nan, ta gaba zan ci gaba da bi. Ban yi sata ba da zan riƙa zagayawa. Ba ta sake aikowa ba. Takardar tana nan a allo, da na ga iska tana ɗaga ta har ƙusa na danna mata. Yau yayar Auta ma a gefena ta jera, ko da yake ta ce in daina ɗaga wa mutane hannu.

Saura maganar saƙonki. Kin ce in ba ƙanwarki koriyar rigar nan da ta dawo mini da ita daga asibiti, da ɗankunne, don ranar Asabar mai zuwa yara su gan ki fes. Ba zan aiko ba. Ki yi faɗa, ki cika takarda huɗu, zan karanta sau biyu kamar kullum. Na sa miki rigunan barci biyu a jaka, sababbi, ni na shiga kanti na zaɓo, mai kantin tana ta murmushi. Su za ki sa ki tsaya a taga. Ranar da aka sallame ki ma da ɗaya za ki shiga mota, in direba ya kalle ki, ga ni a gefenki da nawa.

Kuma tunda na saba faɗa miki abin da na ɓoye, ga na ƙarshe. Likita ya ce mini sai an ga sakamakon wata mai zuwa, ya ƙi ƙara komai a kai. Tsoro nake ji, Maman Auta, tsoro sosai. Ranar Asabar da na ɗaga kai na gan ki cikin koɗaɗɗiyar rigar nan, ni ma sanyi na ji a raina, tun kafin yarinyar ta buɗe baki. Ki bar mu da hujjarmu, ni da ita.

Koriyar rigar tana nan a rataye a bayan ƙofar ɗakinmu. In kina son ta, ki zo ki ɗauka.

Mai jiranki,
Kafinta