Takalman Gudun Na'ima

Daren Talata, Bwari

Yau Baba ya cire ƙanwata Na'ima daga ƙungiyar gudu ta makarantarsu. An mayar da lesin ɗin 'yan ajin ƙarshe daidai lokacin atisaye, dole ta ajiye ɗaya.

Tun safe na shirya hujjata. Makinta bai sauka ba, na lissafi ma ƙaruwa ya yi, da kaina na duba. Amma da na buɗe baki sai na ce, "Baba, a bar ta ta ci gaba da wasan."

Ya ce, "To, ke ma kin faɗa. Wasa. Yaushe aka fara barin karatu don wasa?" Ya ce wa Na'ima ta yi koyi da ni, ban taɓa wasa ba, ga shi na fito da digiri. Digirin da nake yawo da shi ma'aikata-ma'aikata kenan.

Ba ta yi kuka ba. Bayan isha'i ta wanke takalman gudun, ta ajiye a bakin gadona. "Yaya, ki riƙa zuwa neman aiki da su, sun fi naki jure tafiya."

Har yanzu ban sani ba ko da wasa ta faɗa.