Motar Masu Naƙuda a Ranar Kasuwa

Zuwa ga Hajiya Shugabar ƙungiyar taimakon mata masu juna biyu ta yankinmu, tare da 'yan komitenta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Sunana Malam Hamisu, manomin aya daga wani ƙauye na yankin Gangara. Hajiya, ko ba ki riƙe sunana ba kin san fuskata, ni ne mai ɗaga hannu a ƙarshen rinyo, wato taron ƙungiya, lokacin da kowa ya ƙosa a tashi.

Bari in fara da abin farin ciki. Ɗiyata Rabi ta sauka, an sami mace, an yi suna, uwa da jaririya suna nan lafiya lau. Motarku ce ta kai ta asibiti. Na gode, kuma godiyar har cikin zuciyata take. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, in ban faɗe shi ba ban yi muku adalci ba.

Na ɗaya, ba ni cikin masu zagin sana'ar da kuka sa motar.

Ban manta ba. Da masu foroje, baƙin nan masu aikin agaji, suka naɗe tabarmarsu suka tafi, sun bar mana mota ba isansi, wato man mota, ba kuɗin gyara, ba albashin direba. Muna kallo ta zauna gindin iccen bedi a bakin buro, wato ofishinku, tayoyi suka sace, kaji suka maida ƙarƙashinta wurin shan inuwa. A lokacin nan amalanken shanu muke ɗora mace mai naƙuda, a bi yashi da ita har bakin kwalta. Akwai waɗanda ba su kai ba, kuma kin san gidajensu kamar yadda na sani.

Da kuka kawo shawarar motar ta riƙa ɗaukar kaya da fasinja ranar kasuwa, abin da aka samu a zuba isansi a kai masu haihuwa kyauta sauran ranaku, ni na fara cewa madalla. Ban tsaya a baki ba, ayata ba ta ƙara shiga wata mota ba sai taku. Dabara ce mai kyau, ta fi zaman jiran baƙo ya kawo.

Na biyu, ga abin da ya same ni.

Rabi cikin fari ne, ta dawo gida goyon ciki wurin uwarta, Hajara. Bayan an ƙare cirar aya, ranar kasuwar Gazawa, na shiga motarku da buhunana tun da safe. Rabi na bari tana tsince wake a tsakar gida, har tana yi mini saƙon atamfa. Wajen azahar Hajara ta kira ni a salula. Ta ce naƙuda ta taso, ungozoma ta duba ta ce yaron ba daidai ya kwanta ba, ga jini, a nemi mota yanzu. Hajara ba mace ce mai saurin kuka ba. Ran nan da ƙyar na gane abin da take faɗi.

Na ruga tasha. Motar tana nan, amma an riga an cika ta da kayan komawa: buhunan gishiri, jarkokin mai, kwanon rufi a sama, da awaki a ɗaure a baya. Gadon da ake kwantar da mara lafiya ba ya ciki. Ashe duk ranar kasuwa kwance shi ake yi a ajiye a buro don buhu ya sami wuri.

Direbanku Iliya, Allah Ya yi masa albarka, yana jin bayanina ya hau kwance igiya. Sai mai karɓar kuɗinku, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ce a dakata. Wai mutane sun riga sun biya, shi kuma ba a ba shi izinin maida kuɗin kowa ba, sai ya ji daga bakinki. Ya kira ki, wayarki a kashe, an ce kina rinyo a Maraɗi. Ya kira ma'aji, ba a ɗauka ba. Ina tsaye ina kallon mutum yana danna waya, ɗiyata tana can tana zubar da jini. Hajiya, na yi masa maganganun da ban taɓa yi wa wani mahaluƙi ba, kuma har yau ban ji zan janye su duka ba.

Wata tsohuwa mai sai da daddawa ce ta raba gardamar. Ban san ta ba, ban san garinsu ba. Ta sauko da ƙwaryarta ta ce, "Kai ɗan nan, riƙe kuɗin, wa ya tambaye ka? Ku sauke kayan, mu ma haihuwar mu aka yi." Kafin ka ce me, fasinjoji sun yi caa a kan motar. Mai awaki ya ja awakinsa, mai gishiri ya sungumi buhunsa. Babu wanda ya ce a maida masa ko dala.

Muka isa gida, aka shimfiɗa tabarma a inda awaki suka tashi, aka kwantar da Rabi, kanta bisa cinyar uwarta. Haka aka kai ta asibiti, aka yi mata aiki. Da na ji kukan jaririyar, sai na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa ina ta hamdala. Daga baya wata ma'aikaciya ta ce mini mun yi sa'a ba mu ƙara jinkiri ba. Ban tambaye ta ƙarin bayani ba, ban so in sani.

Na uku, abin da ya sa na rubuto a fili.

Tun da labarin ya bazu, na ji wasu na cewa a hana motar zuwa kasuwa gaba ɗaya, har suna kafa hujja da sunana. Ban aike su ba. Ran da motar ta daina kasuwa, ran nan ta kama hanyar komawa gindin bedi. Isansin da ya kai Rabi asibiti, kuɗin buhun wani ne ya saye shi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, kun koya wa ma'aikacinku tsoron ɓatan kuɗin ƙungiya, ba ku gaya masa don me ake tara kuɗin ba. Shi ma bawan Allah tsoron a kore shi yake yi. Laifin na tsarin da kuka ba shi ne.

Don haka ina roƙon ku: gadon nan kada ya ƙara fita daga motar, ko da buhu nawa za a rasa. A faɗa wa duk mai shiga tun kafin ya biya cewa in an kira don mai naƙuda, shi da kayansa za su sauka ko a ina ne. Na ga mutanenmu da idona, ba za su ƙi ba. A ba direba ikon juya mota ba sai ya nemi kowa a waya ba. In kuma Allah Ya buɗa ciniki, a sayi ko mai ƙafa uku ce ta riƙa yin kasuwar, wannan ta zauna gida.

Kada a bar maganar sai rinyon ƙarshen shekara. Matar ƙanena watanta ya kama. Jiya na ji mata sun zo gaishe ta, maimakon su ce Allah Ya raba lafiya su yi shiru, sai da suka ƙara da cewa Allah Ya sa kada ta zo ranar kasuwa. Ita kuma ta amsa da amin, da gaske take. Hajiya, ke kike da ikon cire wannan daga cikin addu'ar matanmu.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya sa albarka a cinikin motar, Ya saka wa Iliya da tsohuwar nan da alheri, Ya sauki duk mai ciki lafiya.

Wassalam.

Naku,
Malam Hamisu, baban Rabi