Tsagar Bangon Ɗakin Inna

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kwas ɗin dokokin gini bai hana ka cin abinci ba. Inna tana gaishe ka, ta ce wai ɗanta ya shekara shida a hukumar gidaje, sai yanzu za a koya masa yadda ake gini.

Direban ofishinku ya kawo takardarka da tef ɗin awo. Na auna duk abin da ka ce. Ginshiƙan ƙasa inci shida-shida ne. Tsagar bangon ɗakin Inna kuwa, a da farce ne kawai ke shiga, yanzu ɗan yatsana yana shiga har gaɓa ta biyu, kuma ta haura saman taga. Ƙofar ma sai an sa kafaɗa take rufuwa.

Na gano dalilin awon, kada ka ɓoye mini. A littafin da nake karantawa haka mijin ya yi ta aune-aune a asirce, ashe baranda zai yi wa matarsa. In haka ne, ka sa tamu ta kalli bishiyar maƙwabta, ta ɗauki kujeru biyu. Har na zaɓi labule a raina. Benen nan ya yi mini girma tunda ka tafi.

Ka huta lafiya.
Amaryarka.

Zuwa ga Amarya,

Wa alaikumus salam, da fatan kuna lafiya ke da Inna.

Ba baranda ba ce. Ki zauna ki karanta a hankali.

Marigayi Baba ya yi harsashin gidan nan ne don ɗakunan ƙasa kawai. Da za mu yi aure na ɗora mana bene a kai, magini ya ce ai haka kowa yake yi. Takardar izinin ma ni na buga mata hatimi a ofis, domin a lokacin hatimi kaɗai na iya. Sai a makon nan na san cewa irin wannan harsashi da ginshiƙai ba sa ɗaukar hawa na biyu.

Na kai wa malaminmu awon da kika aiko, na ce gidan wani abokina ne. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, “Ka gaya wa abokin naka ya fitar da duk mai kwana a ƙasa yau, kada ya jira gobe.”

Aikinmu na ƙarshe a kwas ɗin shi ne kowa ya rubuta gidajen layinsa da suka saɓa doka. Na so in tsallake namu, amma Inna ce a ƙarƙashin benen. Na rubuta. Ranar Litinin za mu zo da jan fenti mu yi wa bangon alama, benen kuma rushe shi za a yi. Ban san ko za su bar ni a bakin aikina ba idan suka ga hatimin.

Ki sauko da kayanmu. Ki lallaɓa Inna ta koma gidan Yaya, ke ma ki bi ta. Ki yafe mini.

Mijinki.

Maigida,

Salama da fatan alheri. Na sauko da komai, har littattafan. Ban yi kuka ba sai da na zo kwance madubi.

Inna ta ƙi tafiya. Ta ce da hannunta ta yi wa Baba jigilar ruwan ginin ɗakin nan, a ciki ya cika, kuma ba ɗan da ta goya ne zai kore ta da fenti ba. Yaya ta zo ta yi magiya har ta gaji, ta koma ita kaɗai.

Don haka na shimfiɗa katifata a ɗakinta. Ba zan bar ta a ciki ita ɗaya ba. Da safen nan ƙura ta zubo mana daga sama a kan tabarmar salla, Inna ta kakkaɓe ta ci gaba da lazimi.

Litinin ta yi nisa. In kana iya zuwa kafin nan, ka zo.

Matarka.