Hutun 'Yan Dakon Baba

Zuwa ga Yaya Munir, sanyin idona, iskar teku mai ratsa zafin Agege ta sauka a zuciyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Rubutu na zaɓa domin ka san halina, in kana gabana harshena ɗaurewa yake yi.

Kana tuna ranar da ruwa ya tsare mu a Oshodi, ni da ƙanwarka Fareeda muna jiran motar haya ta danfo? Har ruwan ya ɗauke kana yi mana bayanin karatunka na jami'a, ilimin kula da ma'aikata. Fareeda ta yi ta gyangyaɗi. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina kallon takalminka, muryarka na sauka mini kamar ruwan farkon damina a busasshiyar gona. Ban gane rabin abin da ka ce ba, amma na yarda da duka.

To, farin watana, me ya same ka a rumfar Baba a kasuwar Mile 12? Cewa na yi ka je ka gaishe shi ya san fuskarka. Gaisuwa kawai. Sai ka tara 'yan dakonsa a inuwa, ka tambayi kowa ko yana jin daɗin aikinsa, ka kuma sanar da su cewa kowane ma'aikaci yana da haƙƙin hutun shekara. Ban ce ka yi ƙarya ba, na san yana cikin littafi. Sai dai duk sun zaɓi yin hutun a ranar da motar albasa ta iso daga Sakkwato. Ɗaya daga cikinsu ma, Alu, ganin teku ya tafi. Baba da kansa ya sauke buhunan, shi da direba. Yanzu yana kwance, Mama na gasa masa baya, duk juyin da zai yi sai ya ambaci sunanka, kuma ba addu'a yake yi ba.

Ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidanmu. Wayyo zuciyata! Shuka tana girma ba rana? Kifi yana kwana a tudu? Na kasa cin abinci, har Mama ta saya mini maganin zazzaɓi, na kuma sha saboda kunya.

Amma jiya na ji yana ce wa Mama wanda ya ba da hutu shi ya kamata ya yi aikin. Ina ganin ƙofa ce ya bari. Wata motar za ta iso Asabar da safe. Don Allah ka zo. Ka bar kwat ɗin nan a gida, ka durƙusa ka ba shi haƙuri, sannan ka miƙa kafaɗa. In ya yi faɗa ka yi shiru. Kada ka ba shi shawara, ko mai kyau ce. Kada ka tambayi kowa yadda yake ji.

Ko ka dawo kana warin albasa, a wurina ka fi furen lemo ƙamshi. Ni dai aikin son ka na kama, ban nemi albashi ba, ba zan nemi hutu ba, kuma ba mai korata sai mutuwa.

Taka har abada,
Mufida