Minti Uku na Muryar Kaka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Mama da Kaka. Ni lafiya lau, sai dai kaina ya kusa rabewa biyu. Da safe harshe ɗaya ake mana karatu da shi, bayan cin abincin rana a juya zuwa wani, har agogon bangon ajinmu sai da aka rubuta masa suna biyu. Namu na gida kuwa sai a banɗaki nake yin sa, ni da madubi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malamin tarihi ya ce kowa ya naɗo muryar wani tsoho na gidansu, ya fassara, a kunna wa aji. Don Allah ranar Lahadi, lokacin da ake ba mu waya, ki zaunar min da Kaka. Ki ce mata ƙawarta ce ke nema, in ba haka ba ja min aji za ta yi.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Kin jawo mana aiki. Tun da kuka yi wayar nan Kaka ba ta bar kowa ya huta ba, har mai kawo mata zare ta tare a ƙofa tana gaya masa muryarta ta tafi makaranta. Minti hamsin na ƙirga tana zuba, ga faɗa, ga waƙa, ga labarin keken ɗinkinta na farko. Ni da nake tare da ita kullum ban taɓa jin rabinsa ba.

Ƙafarta ta kumbura kwana biyun nan, ta daina hawa keken. Ta ce ki turo ta ji yadda take a bakin na'ura.

Ki kula da kanki.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa a gurguje, jarrabawa ta sako mu gaba. Ki gaya wa Kaka ita ta zo ta ɗaya, har malamin ya sa aka tafa mata. Zan turo in an gama, yanzu ko numfashi da ƙyar. A yi mata sannu da ƙafa.

Auta

Auta,

Da fatan kin ɗan samu natsuwa. Na san a waya ba ki ji komai ba sai kukana, shi ya sa na rubuto. Kaka ta cika ne ranar Talata da hantsi, a ɗakinta, Mama na riƙe da hannunta. Ba ta sha wahala ba.

Mama ce abin tausayi. Ta sa na bincike wayar kowa a gidan nan, hotuna birjik, amma babu wanda ya taɓa naɗar muryar Kaka, saboda kullum muna jin ta, wa zai yi tunani. Sai na tuna da ke. Da na gaya wa Mama akwai minti hamsin a wajenki, ranar ta fara cin abinci. Ki turo duka, har faɗan.

Allah ya ba mu haƙuri.
Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma jin kunyarki. Kwana shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Babu minti hamsin, Yaya. Ƙa'idar aikin minti uku ce, kuma dole kowa a aji ya fahimta. Sai na yanke waƙar, na yanke faɗan, na yanke duk inda take kirana ƙawata, don a ganina ba tarihi ba ne. Abin da ya rage na rage masa ƙara, na ɗora muryata a kai, rabi da harshen safe, rabi da na yamma. Haka kowa ya yi. Cikakken yana kwamfutar makaranta, su kuma da an gama jarrabawa goge komai suke yi. An manna sanarwa a harshe biyu, na wuce ta ya fi sau ashirin. Na je wajen mai kula da kwamfutocin har sau uku, jiya ya cire tabarau ya ce in yi haƙuri.

Kaka ta roƙe ni ta ji kanta, na ce jarrabawa. Zuciyata ta karye, ban san da wane ido zan kalli Mama ba. Ga minti ukun na turo.

Ki yafe min.
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ya iso, na kunna wa Mama. Ta kanga wayar a kunne, ana ɗan jiyo Kaka can ƙasa kamar daga ɗakin maƙwabta. Ta tambaye ni me kike cewa, na ce maganar Kaka ce kike fassarawa. Sai ta ce, "To ki ce ta ɗan yi shiru mana, in ji uwata."

Na sake kunna mata daga farko. Ki dawo hutu lafiya.
Yayarki