Ladanin da Aka Sa Ya Tsaga Teku

Obiagu, Inugu

Zuwa ga maiɗakina Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ga abin dariya. Farin gemun nan da kike cewa ya tsufar da ni ya samo mini aiki. Wasu Ibo masu shirya fim suka same ni a teburin turarena, suka kai ni wani ɗaki a unguwar Uwani. Ba komai a ciki sai koren ƙyalle a bango. Suka sa mini doguwar riga, suka ba ni sanda, suka ce in ɗaga ta sama in ɓata rai. Ɓata rai kuwa kin san ba sai an koya mini ba. Ko kalma ɗaya ban furta ba, kuma na dawo masallacinmu na kira la'asar a kan lokaci.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Kallamu

*

Halimatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu.

Fim ɗin ya fito. Ashe koren ƙyallen nan cire shi suke yi da na'ura, su sa abin da suka ga dama. Teku suka sa a bayana. Ina ɗaga sanda ya tsage biyu, macizai masu fukafukai suna aman wuta, matsafan Fir'auna suna shawagi a sama. Wai ni ne Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi! Har muryar wani ƙato suka saka mini a baki, ina ta Turanci. Wallahi da na gani a wayar maƙwabcina sai da na yi salati.

Na je wurin mai fim ɗin cikin fushi. Abin da ya ƙara kashe mini jiki, mutumin bai san ya yi laifi ba. Ya ce su tun suna yara suke ganin zanen Musa a littattafan coci, shi a ganinsa girmamawa ce. Ya ba ni haƙuri, amma ya ce fim ya riga ya shiga kasuwar Anaca da wayoyin mutane, ba mai iya dawo da shi.

Jiya a kasuwar Kenyatta wata mata ta durƙusa a gabana, wai in shafa kan jaririnta. Gudu na yi, Halimatu, da girmana.

Gobe Liman Malam Idrisu zai zauna da dattawa a kan ladancina. Shekara sha tara ina kiran salla a masallacin nan, kuma ba ni da wani abin alfahari da ya wuce shi. Ki taya ni addu'a.

Naki,
Kallamu

*

Halimatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya. Na gode da saƙonki, kuma kin kyauta da kika ɓoye wa Inna.

An zauna. Malam Idrisu ya yi mini adalci, ya ce ban yi da niyya ba, in yi istigfari, Allah mai gafara ne. Wasu suka ce me ya kai ladan wurin 'yan fim tun farko. Gaskiyarsu ce kuwa: ban tambayi kowa ba, ban ma tambayi ko ni wane ne a cikin wasan ba. Wannan shi ke cina.

Ba su kore ni ba. Amma tun daga ranar, in na ɗauki lasifika sai samarin bakin titi su ɗaga tsintsiya sama suna shewa. Mutanenmu da yawa suka koma salla wani masallacin, har sahun asuba ya kasa cika. Ba zan yarda a riƙa yi wa sunan Allah dariya saboda ni ba. Da hannuna na kai wa Malam mukullin ɗakin lasifika. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa.

Wani tela ne, Abdulhafiz, aka ba. Muryarsa ba laifi, sai dai yana sauri. Yau da azahar ina zaune a teburina ya yi kira, na amsa masa kamar kowa, na yi alwala na tsaya a sahun baya.

Ki gaida Inna. In ta tambaya, ki ce mata maƙogwarona ne yake ciwo.

Mijinki,
Kallamu