Ƙasar Sawun Osman

Talata, daga ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama

Zuwa ga jikana Osman, a Damazin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka Asabe. Yau na tashi da tari, gwiwar hagu kuma ta ƙi miƙewa, a zaune na yi Asuba. Ka daina bugo mini waya, kunnena ba ya kama komai. Ka rubuto, Alhasan mai hafila, motar hayar nan, zai kawo.

Ya ce kana tambaya ko takardar shahadar koyar da Turanci tana da amfani. Na koyar da Turanci a Rusairis tun ubanka yana yawo ba wando. Tawa shahadar tana cikin akwati, gara ta cinye rabin sunana. Yaran da na koyar, wani yana tuƙa tarakta, wani yana sayar da gawayi. Ga amsarka.

Riɗi ya soma yin rawaya daga ƙasa. Ka san halinsa: in ba a yanke shi an ɗaure an tsayar a kan lokaci ba, sai kwanson ya tsage, ya zube, tururuwa ta gode. 'Yan ƙodago duk sun tafi manyan gonaki. Tun rasuwar ubanka kai ne mai yanka. Ka zo. Gidan nan ba mai magana sai kaji.

Allah ya yi maka albarka.
Kakanka, Sambo.

Damazin

Zuwa ga abokina, tsoho mai ran ƙarfe.

Wa'alaikumus salam. Sannu da tari, sannu da gwiwa. Ummi tana gaishe ka, ta ba Alhasan zuma ya kawo maka. Ka sha, ba ajiyewa za ka yi ba.

Wallahi ba ka da kirki, Kaka. Shahadarka nake tambaya ko ta gara? Wannan kwas ne a Khartum, ana koya wa mutum yadda zai koyar da Turanci ga wanda bai taso da shi ba. In na samu, akwai makarantu a Saudiyya da ke ɗauka. Shekara ɗaya kawai, in dawo. Ga digirina a hannu, amma cajin waya nake yi a bakin tasha, kowa ya wuce sai ya ce, "Ya ustaz, ta cika?" Na gaji. Ko zama ba na iya yi.

Mai gawayin da kake faɗa, na san shi. Duk lokacin da na wuce sai ya miƙe tsaye ya tambayi lafiyar Ustaz Sambo, har da rera mini waƙar haruffa da ka koya musu, mutane suna dariya.

Matsalar ita ce kwas ɗin zai fara daidai da yankan riɗi, kuma ba sa jiran kowa. Ba zan taka ko'ina ba sai ka ce je ka. In ka ce riɗi, to riɗi.

Da matata Iya tana raye, da ta tsaya mini. Kai ne ka kasa riƙe mini ita.

Jikanka, Osman.

Asabar

Zuwa ga Osman.

Bayan gaisuwa. Zumar ta iso, tarin yana nan. Ja'iri, Iya ko kallonka ba ta yi, tausayinka kawai take ji.

Tun da takardarka ta zo na kasa zama. Na dogara sanda na je gona, na dawo, na sake komawa. Na ɓare kwanso ɗaya, ya yi ƙas a hannuna.

Shekara ɗaya, ka ce. Wannan maganar ce ta tayar mini da hankali. Babana ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je Makka. Da ya iso bakin kogin nan guzuri ya ƙare, ya ce bari ya tsaya kaka ɗaya ya yi yankan riɗi. Bayan riɗi dawa ta nuna. Bayan dawa ya yi aure. Ga kabarinsa can bayan masallaci, bai ga Makka ba. Duk ƙauyen nan 'ya'yan kaka ɗaya ne. Da farko na ji tsoro kai ma ka tafi kamar yadda ya bar nasa uban. Ina tsaye a gona sai na ga abin ta ɗaya gefen: gonar nan ce ta tsare shi, ga ni ina kiran ka cikinta. In ka zo riɗi, dawa za ta kama ka, bayan dawa gwiwata.

Don haka je ka. Amma ka bincika kafin ka zauna. In za su tsayar da kai gaban ɗalibai na gaske, wani malami yana bayan aji yana duba kurakuranka, shahadar tana da amfani. Haka aka yi mana, ranar farko alli ya faɗi daga hannuna. In takarda ce kawai da hatimi, ka tattara ka dawo.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka biyo ta nan ranar Juma'a, ko tsayuwa ce. Iya, in wani zai yi tafiya, takan ɗebi ƙasar sawunsa a ƙofar gida ta ƙulle a tsumma, ta rataye har ya dawo. Ina yi mata dariya, ina ce mata wannan ba ya cikin littafi. Duk wanda ta ƙulle wa ya dawo. Babana ba wanda ya ɗebi tasa. Ka zo ka taka, ka wuce.

Allah ya tsare hanya.
Kakanka, Sambo.

Damazin

Kaka, na gode, na gode. Na tambaya, akwai ɗalibai na gaske. Juma'a ina nan tafe in sha Allah. Ashe Ustaz ma ya koma tsumman Iya! Ka tanadi babba, ƙafata ta fi taka.

Osman.

Juma'a, bayan La'asar

Zuwa ga Osman, duk inda takardar nan ta same ka.

Bayan gaisuwa. Tarin ya ɗan lafa. Da safe na share ƙofar gida, na yayyafa ruwa don sawu ya fito sosai. Na yagi tsumma daga tsohon zanen Iya. Na zauna a dakali, duk motar da ta yi ƙara sai in miƙe.

Alhasan ya tsaya. Ya ce an matso da ranar farawa, ka samu mota da sassafe, ka wuce kai tsaye. Ya ce ka ce in yafe maka. Na yafe. Ka riƙe alli da kyau.

Riɗi ya soma tsagewa. Ko da wannan kunnen nawa, na ji shi.

Na hana kowa bi ta ƙofar, amma kaji ba sa jin magana. Ƙasar ta bushe, ba sawun kowa a kanta sai nasu. Ba ka zo ba.

Kakanka, Sambo.